Gammon da ke Bayanmu: Taƙaitaccen Tarihin Tiyatar Ƙashin Baya

 Ina godiya ga Edita da ya ba ni wannan fili domin in yi tsokaci kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun taronmu na bara.

Duk wanda ya halarci taron zai tuna cewa an jera bencina a zauren, amma kafin a buɗe taro da addu'a sai da aka aika yara su nemo kujeru masu majingina. Mutanen da na sani suna gudun yada-ƙanin-wani tun daga ƙofar makaranta har bayan gari su dawo ba su yi haki ba, ranar nan kowa in zai tashi sai ya dafa ƙugu. Da aka zauna cin abinci kuwa, hirar ba ta wuce ciwon baya ba. Wani ya ce yanzu a ƙasar waje ana cire wa mutum abin da ya lalace a bayansa a sa masa sabo, kamar yadda bakanike ke canja wa mota kayan gyara. Wani ya ce ƙarya ne. Aka yi ta musu har aka tashi ba a daddale ba.

Ni dai ba likita ba ne. Tarihi na koyar fiye da shekara talatin har na yi ritaya. To amma ciwon ya taɓa ni, ya kuma taɓa wani abokinmu tun muna yara, saboda haka na ga ya dace in bi sawun maganar tun daga tushe in kawo muku abin da na samu.

Abin da ya faru a 1976

'Yan ajinmu ba za su manta da shekarar 1976 ba. Ita ce shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Yamma aka sami Jihar Sakkwato da Jihar Neja, mu kuwa muna aji huɗu. A hutun ƙarshen zango, motar da ta ɗauki wani ɗan ɗakinmu zuwa garinsu ta kife a hanya. Ba zan ambaci sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. An ce lokacin da aka zaro shi yana magana, yana kuma motsa yatsun ƙafa, sai dai yana kukan baya. Mutanen kirki suka ɗauke shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, suka naɗe shi a bayan a-kori-kura. Daga can aka wuce da shi wurin mai ɗori, aka ja, aka danna, aka ɗaure. Kafin gari ya waye ƙafafun sun daina motsi.

Na je duba shi da aka koma hutu na gaba. Na iske shi kwance kan tabarma, mahaifiyarsa tana yi masa fifita. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ku da kuke karatun zamani, babu inda ake gyaran wannan abu?" Ban iya ba ta amsa ba. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara suka ƙarasa shi. Allah ya jiƙansa. Tambayar wannan baiwar Allah ita ce nake ƙoƙarin amsawa yau, bayan shekaru masu yawa.

Yadda bayan yake

Malaminmu na Bayoloji, idan yana cikin masu karanta wannan, zai tuna ranar da ya sa aka sayo wuyan rago daga mahauta ya kawo aji. Ya nuna mana cewa ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓoɓi ne a jere. Na ɗan Adam guda 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya a tsakanin kwatangwalo, da 4 ƙanana a can ƙarshe. Ta tsakiyarsu akwai kafa wadda laka ke bi tun daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi kuma suna fita daga gefe zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara.

A tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi, guda 23 ne duka. Malam ya kira shi gammo, ni ma haka zan riƙa kiransa, domin aikinsa ke nan: yadda mai tallar fura ke sa gammo tsakanin kanta da ƙwarya, haka wannan yake hana ƙashi gugar ƙashi, ya kuma bar baya ya sunkuya ya juya. Gefensa zobe ne mai tauri, tsakiyarsa kuma abu ne mai laushi wanda yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe bisa ga yamma, don nauyin yini yakan matse ruwan. Idan shekaru suka ja, gammon yakan bushe ya lotsa. Wani lokaci zoben yakan tsage, abin ciki ya ɓullo ya danne jijiya, sai mutum ya ji zafi yana sauka daga ƙugu zuwa cinya har tafin ƙafa kamar an jona masa lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Mutanen da

Tun fil azal masu magani sun san cewa raunin ƙashin baya ba kamar karayar hannu ba ne. Akwai wata tsohuwar takarda ta Masar wadda aka rubuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce, ana kiranta da sunan Edwin Smith, mutumin da ya saye ta. A cikinta an bayyana raunuka 48, har da na mutumin da ya goce a wuya, hannuwa da ƙafafu suka mutu, fitsari yana zuba bai sani ba. Marubucin ya sa wannan cikin cututtukan da likita ba shi da abin yi a kansu. Haka nan Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin karaya da gocewar ƙashi a juzu'i na talatin na littafinsa Attasrif, inda ya zana kayan aikin tiyata kusan 200.

A nan gida ma ba a bar mu a baya ba wajen neman ilmin magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi talifi da dama kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Wannan buƙata ba ta biya ba a zamaninsa, Clapperton kansa da ya dawo a nan ya rasu a 1827. Jama'a suka ci gaba da dogara ga maɗora da wanzamai, masu ɗori da ƙaho da sakiya. Ba na raina maɗora, gadon gidansu ne, kuma sun ɗora hannuwa da ƙafafu ba iyaka. Amma abin da ke cikin kafar ƙashin baya ido ba ya ganinsa, hannu ba ya lalubo shi, kuma laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa.

Haɗe gaɓoɓi da cire gammo

Tiyatar ƙashin baya ta zamani ba ta daɗe ba. Sai da aka sami maganin sa barci, aka gane yadda ake kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan Röntgen na Jamus ya gano hoton ƙashi a 1895, kafin buɗe baya ya zama aikin da likitoci suka saba yi. Abin da ya fara tura su shi ne tarin fuka, wanda kan ci ƙashin baya ya bar mutum da doro, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana tun 1779. A 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da dabararsa, suka fara haɗe gaɓoɓin da suka lalace su zama ƙashi ɗaya. Albee yakan yanko sili daga ƙashin ƙaurin majiyyacin ya dasa masa a baya, kamar yadda magini ke tokare ginin da ya tsage.

Sai kuma a 1934, a birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr suka nuna cewa abin da likitoci ke cirowa daga bayan mutane suna zaton ƙari ne, ba komai ba ne illa gammon da ya fashe, kuma in an cire ɓangaren da ya danne jijiya zafin ƙafa yakan tafi. Daga nan aka sami manyan ayyuka biyu waɗanda har yau su aka fi yi: a cire abin da ya danne jijiya, ko a haɗe gaɓoɓi biyu.

To sai dai haɗewar tana da tata illa. Gaɓar da aka haɗe ta daina motsi har abada, aikinta kuma ya koma kan maƙwabtanta na sama da na ƙasa, wanda kan iya sa su gajiya da wuri. Wannan ya sa wasu suka fara tunanin me zai hana a ƙera gammo na hannu a sa a gurbin wanda ya lalace, motsi ya ci gaba. Wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Ulf Fernström ya gwada cusa ƙwallon ƙarfe marar tsatsa a tsakanin gaɓoɓi, ya buga sakamakonsa a 1966. Da farko abin ya yi kyau, amma da tafiya ta yi tafiya sai ƙwallon ya riƙa nutsewa cikin ƙashi, domin duk nauyin jiki ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Aka watsar da dabarar.

'Yar wasan da ta zama likita

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo mai ban mamaki. A shekarar 1972, lokacin da yawancinmu muke shirin barin firamare, an yi wasannin Olamfik a birnin Munik. Wata budurwa 'yar shekara ashirin daga Jamus ta Gabas, mai suna Karin Janz, ta ci lambobin zinariya biyu a wasan alkafura, ɗaya a tsallake doki ɗaya a lilo kan sanduna biyu, ban da azurfa biyu da tagulla ɗaya. Tun tana da shekara goma sha shida ta ci azurfa da tagulla a wasannin Meziko na 1968. Ana cikin yi mata tafi ta ajiye wasa ta rungumi karatun likita a Jami'ar Humboldt ta Balin ta Gabas, ta zaɓi fannin ƙashi, ta kama aiki a babban asibitin nan na Charité. Bayan aure ta zama Karin Büttner-Janz.

A wannan asibiti ita da maigidanta a wurin aiki, Kurt Schellnack, suka ɗauki matsalar da ta kayar da Fernström. Sun yi la'akari da aikin John Charnley na Ingila, wanda tun 1962 ya nuna cewa ƙarfe mai santsi yana iya zamewa a kan wata roba mai tauri shekara da shekaru a cikin kwatangwalon mutum. Sai suka ƙera gammo mai ɓangare uku: faranti biyu na ƙarfe, ɗaya ya kama gaɓar sama ɗaya ya kama ta ƙasa, da curin roba a tsakiya mai zamewa gaba da baya idan mutum ya sunkuya ko ya miƙe. Suka sa masa suna SB Charité, wato harafin farko na sunayensu da sunan asibitin. A 1984 aka fara sa wa ɗan Adam.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai murna. Ƙirar farko farantanta sun yi ƙanƙanta, suka riƙa nutsewa cikin ƙashi kamar ƙwallon Fernström. Aka yi ta biyu mai fukafukai a gefe don ta baza nauyi, sai ga ƙarfen yana tsagewa. Sai a 1987 aka dace da ta uku, wadda kamfanin Link na Hambag ya ƙera da gaurayen ƙarfe mai ƙarfi, farantan kuma masu faɗi da 'yan haƙora don su riƙe ƙashi. Yawancin wannan aiki an yi shi ne a bayan katangar Balin, a ƙasar da kayan aiki ke da wuyar samu. Katangar ta faɗi a 1989, a 1990 kuma Büttner-Janz ta zama shugabar sashen ƙashi a wani asibiti na unguwar Hellersdorf a Balin, ta ci gaba da yin tiyata da bin sawun waɗanda aka sa wa gammon.

Amurkawa ba su karɓa ba sai da suka gwada da kansu. Aka ɗauki majiyyata 304, aka sa wa 205 gammon roba, aka haɗe wa 99 gaɓoɓi, aka bi su shekara biyu. Da aka ga sabon aikin bai gaza tsohon ba, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar ta amince da shi a watan Oktoba na 2004, shekara ashirin cif bayan tiyatar farko. A halin nan wasu sun bi sahu. Thierry Marnay na Faransa ya ƙera ProDisc, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, na wuya kuma aka fara amincewa da su a 2007. Shi kansa Charité daga baya an daina sayar da shi, wasu sababbin ƙira suka maye gurbinsa. Amma ita ce da abokin aikinta suka buɗe ƙofar, kuma sai da suka fāɗi sau biyu kafin su tsaya.

Yadda aikin ya iso gida

Yanzu bari mu dawo Nijeriya. Lokacin da ake waɗannan gwaje-gwaje a Turai, mu a nan abin da muke nema shi ne wanda zai iya buɗe kai ko baya tukuna. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959. A 1962 kuma Dokta Latunde Odeku, wanda ya yi horo a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya dawo ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Ibadan, shi ne ɗan Nijeriya na farko a wannan fanni. Ya rasu a 1974 yana da shekara 47, Farfesa Adelola Adeloye ya ci gaba da riƙon sashen. Ke nan a shekarar da abokinmu ya yi haɗari, amsar tambayar mahaifiyarsa ita ce akwai inda ake gwadawa, amma tsakaninsa da wurin akwai ɗaruruwan kilomita, ga shi kuwa raunin laka ba ya jiran kwana da kwanaki.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A cikin waɗannan shekaru aka kafa asibitinta na koyarwa, wanda ya fara aiki a asibitin gwamnatin jiha kafin ya koma mazauninsa na Gawon Nama. Amma gini ba ya yin tiyata, sai da mutum. Mutumin da tarihin wannan fanni a Sakkwato ba zai cika ba sai an ambace shi shi ne Farfesa Bello Bala Shehu, haifaffen Birnin Kabi. Ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tafi Birtaniya ya yi horo a tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, sa'an nan ya dawo gida, a zamanin da likitoci da yawa ke neman hanyar fita saboda halin da tattalin arziki ya shiga.

Wanda ya duba binciken da ya yi zai ga cututtukan mutanenmu ne ya sa a gaba. Alal misali, a shekarar 2000 shi da abokan aikinsa biyu sun buga sakamakon bincike kan jariran da ake haifa da ɓaraka a ƙashin baya, laka a waje, waɗanda aka kula da su a Zariya. A Sakkwato kuma shi ne ya jagoranci kafa Cibiyar Tiyatar Ƙwaƙwalwa da Laka ta Yanki a asibitin koyarwa, inda majiyyata ke zuwa daga jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Waɗanda suka faɗo daga kabu-kabu, da yaran da ruwa ya taru musu a kai, da masu ƙari a ƙwaƙwalwa, da waɗanda tarin fuka ya ci wa baya, duk nan ake kawo su. Ya riƙe muƙamin Babban Daraktan asibitin koyarwa na Sakkwato, ya riƙe irinsa a Asibitin Ƙasa na Abuja, daga 2017 zuwa 2022 kuma ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan muƙamai nauyi shi ne horar da na baya. Likitan wannan fanni bayan ya gama digirin likita sai ya ƙara shekaru masu yawa a ƙarƙashin wani gwani kafin a sakar masa wuƙa. Da a ce kowa sai ya tafi Ibadan ko Turai, da kaɗan ne za su dawo. Da aka mai da Sakkwato wurin horarwa, sai ga likitocin da suka fito daga nan suna aiki a wasu asibitocin Arewa, suna kuma koyar da wasu. Likitan da Sarkin Musulmi Bello ya roƙa daga ƙasar waje a 1824, yau a garinsa ake yaye shi.

Nawa bayan

Shekarun baya kaɗan na sunkuya zan ɗaga buhun gero daga bayan mota, sai na ji kamar an soka mini mashi a ƙugu. Kwana uku ƙafar hagu ta ɗauki zafi har ɗan yatsa. Aka yi mini hoton MRI, na'urar da ke nuna gammo da jijiya, abin da hoton ƙashi na da ba ya nunawa, aka ga gammo ɗaya ya ɓullo. Babban ɗana ya zo da takardu a hannu ya ce, "Baba, na bincika, akwai asibiti a ƙasar waje da ake sa sabo. In ya kama a sayar da filin nan na bayan gari, a sayar."

Na ce mu fara jin ta bakin likitan gida. Wani matashi ne sa'an ɗana, a nan garin aka horar da shi. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na yi a kan yatsu, ya buga mini gwiwa da ɗan gudumarsa, ya daɗe yana duban hoton. Sa'an nan ya ce, "Baba, ku bar filinku. Gammon roba ba irin naku bayan ake sa wa ba."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce wannan aiki ya fi dacewa da mai matsakaicin shekaru wanda gammo ɗaya ko biyu ne kawai suka lalace, ƙashinsa yana da ƙwari, ƙananan mahaɗan da ke bayan gaɓoɓin ba su cinye ba, kuma ya yi watanni yana magani bai sami sauƙi ba. Wanda ƙashinsa ya yi sanyi saboda shekaru, ko gaɓarsa ta goce, ko ƙwayar cuta ta shiga wurin, ba a sa masa. Na ƙugu ta ciki ake bi a sa shi, kusa da manyan hanyoyin jini, kuma in ya sami matsala ciro shi babban aiki ne mai haɗari. Ya ƙara da cewa mafi yawan masu irin ciwona sukan warke cikin mako shida zuwa goma sha biyu ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Ya rubuta mini magani, ya tura ni sashen gashin ƙashi, ya hana ni kwanciya yini guda, ya ce in riƙa tafiya kullum gwargwadon iko. Kafin wata uku na koma harkokina. Filin yana nan.

Kafin in fita ya ce in riƙe wasu alamu waɗanda in an gan su ba a jira, ni ma ina isar muku: ƙafa ko hannu ya fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko fitsari da bayan gida su riƙe ko su riƙa kuɓucewa, ko ciwon bayan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti a ranar. Haka kuma wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi, kada a ja shi. A tallabe kai da wuya su daidaita da jiki, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, a shimfiɗa shi kan katako ko ƙyauren ƙofa. Da yake faɗin wannan, abokinmu na 1976 kawai nake gani. Ƙyaure ɗaya da mutum huɗu masu sani, wataƙila da ya zauna tare da mu a taron bara yana neman kujera mai majingina.

Kammalawa

To, ga amsar musun da muka bari a zaure. Wanda ya ce ana sa sabon gammo ya yi gaskiya, ana yi tun 1984, kuma waɗanda ya dace da su suna amfana. Wanda ya yi shakka shi ma bai yi laifi ba, domin bayan ɗan Adam ba mota ba ne, kuma yawancinmu mun wuce shekarun da aikin ya fi yi wa amfani. Abin da na koya daga tarihin shi ne, daga Mixter da Barr zuwa amincewar Amurka shekara saba'in ne, daga roƙon Bello zuwa cibiyar Gawon Nama kuwa fiye da ƙarni ɗaya da rabi, kuma kowane mataki wani ne ya zauna wuri ɗaya ya yi haƙuri ya koya wa wani. Ni kaina abin da ya cece ni ba ƙarfe ba ne ko roba, samun wanda ya san lokacin da za a yi aiki da lokacin da za a bari, a nan kusa da gida.

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga malaminmu na Bayoloji, wanda wuyan ragonsa ya yi mini amfani bayan shekara arba'in da wani abu. 'Yan'uwa likitoci da ke cikinmu kuma, in kun ga inda na yi tuntuɓe, filin mujallar nan a buɗe yake ku gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.